Kafin Ka Raba Fihirisa, Je Ka Zauna a Ɗakin Kati

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, akwai ɗakin da nake so kowannenku ya je ya wuni a cikinsa kafin ya fara kiran kansa mai gina rumbun bayanai. Ɗakin kati na asibiti nake nufi, irin wanda har yanzu fayilolin takarda ke jere a kan kantoci. Ku je da sassafe, lokacin da motocin Godogodo da Gwantu suka fara sauke mutane. Za ku ga mace ta matso taga da goyo a baya, ma'aikaci ya ce, "Mama, ina katinki?" In ta kwance bakin zane ta miƙo ɗan katin nan mai lamba, ko minti biyu ba ya yi. Ya dubi lambar, ya nufi kanta guda, ya zaro fayil. In kuwa ta ce katin ya ɓata, ko ruwa ya cinye shi, sai ka ji ya yi ajiyar zuciya. "Yaushe kika fara zuwa?" "Lokacin haƙar citta, bara waccan." Sai ya janyo babban littafin rajista, ya lashi yatsa, ya shiga bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, layin da ke bayanta yana ta ƙara tsawo.

Fayil ɗin matar nan yana cikin ɗakin, ko da kati ko ba kati. Amma wanda ya jera kantocin tun farko ya jera su ne bisa lamba, don haka mai lamba kaɗai ɗakin ya sani. Shawarar da wani ya yanke shekaru da dama da suka wuce ita ce ta tsayar da matar nan a taga yau. Irin wannan shawara ce ake miƙa muku ranar da aka ce ku zaɓi ginshiƙin da za a raba fihirisa a kansa.

Bari in daidaita kalmomi don mu tafi tare. Tebur a rumbun bayanai kamar littafin rajista yake. Kowane layi mutum ɗaya ne ko ciniki ɗaya. Kowane ginshiƙi, wato gurbin da aka ja daga sama zuwa ƙasa, abu ɗaya yake ɗauka: suna, lambar waya, rana, ƙaramar hukuma. Fihirisa kuwa kun san ta a littattafan malamai, inda ake nuna maka shafin da babi yake ba sai ka karance littafin ba. A kwamfuta, ana tsara abin da ke cikin wani ginshiƙi daga ƙarami zuwa babba, kowanne da alamar inda layinsa yake. Yawanci ana gina ta ne kamar bishiya mai rassa, tsarin da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka wallafa a 1972 daga aikin da suka yi a kamfanin Boeing, kuma da taku uku ko huɗu take kai ka ga layi ɗaya cikin miliyoyi. Idan tebur ya yi girma ƙwarai, sai a yanka shi da fihirisarsa kashi-kashi, kowane kaso a ajiye shi a ma'ajinsa, wani a wannan faifai, wani a wancan. Ni ɗakuna nake kiran waɗannan ma'ajai. Manhajar rumbun bayanai ta Oracle ta shigo da wannan rabo a 1997. PostgreSQL, wadda yawancinku za ku fi amfani da ita tunda kyauta ce, ta samu nata tsarin rabon a fitowarta ta 10 a 2017. Amfanin abin shi ne, in tambaya ta zo ɗauke da ginshiƙin da aka yi rabon a kansa, kwamfuta tana tsallake sauran ɗakuna ta shiga ɗaya. In ba ta zo da shi ba, sai ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa.

Ni kaina a nan na yi tuntuɓe. Wasu shekaru da suka wuce wani kamfanin sayen amfanin gona ya ba ni aikin gina masa rumbun bayanai. Suna ba manoma taki da iri bashi da farkon damina, da kaka su sayi citta da masara su cire kuɗinsu. Kowane buhu da ya hau sikeli layi ne, kowane biya layi ne. Na buɗe taswira na ga ƙananan hukumomi takwas na Kaduna ta Kudu: Jema'a, Kaura, Zangon Kataf, Jaba, Kachia, Kagarko, Sanga da Kauru. Na ce shi ke nan, ga ɗakuna takwas a shirye. Na raba teburin manoma da na ciniki da fihirisar kowannensu bisa ƙaramar hukuma. A takarda abin ya yi kyau, manaja ma ya yaba. Ko sau ɗaya ban je bakin sikeli ba kafin in yanke wannan shawara.

Da kaka ta kama sai gaskiya ta fito. Duk ɗan yankin nan ya san citta ba daidai ake noma ta ko'ina ba. Kachia da Jaba da Kagarko su ne gidanta, can ake shanya ire-irenta, Tafin Giwa da Yatsun Biri, har bakin titi. Ɗakunan nan uku suka cika maƙil, faifansu yana aiki ba dare ba rana, sauran suna zaune kusan wayam. Na je Kubacha ranar kasuwa don in ga me ke sa kwamfutar nauyi, na tsaya bayan akawu. Duk manomin da ya matso, tambaya ɗaya yake yi masa: "Baba, lambar wayarka?" Har na bar wurin ban ji ya tambayi kowa ƙaramar hukumarsa ba. Ashe kowane nema ƙofa takwas yake bugawa, alhali da ban raba komai ba, ƙofa ɗaya ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne da ya zo ofis da rasit naɗe a leda. Kwamfuta ta ce ana bin sa kuɗin taki, shi kuma ya ce ya biya tun bara. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana rantsuwa a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Da na bincika sai na tarar mutumin ɗan Jaba ne, a can aka rubuta bashinsa. Amma cittarsa a Kubacha ya sayar, cikin Kagarko, akawun wurin kuwa da nema ya yi masa nauyi sai ya buɗe masa sabon suna ya sa Kagarko, tunda nan sikelin yake. Bashi a ɗaki ɗaya, biya a wani ɗakin. Na sa dokar cewa lambar waya ba ta maimaituwa, amma ban fahimci abin da na sa ba. A PostgreSQL da MySQL, duk dokar hana maimaici a kan tebur da aka raba dole ta ƙunshi ginshiƙin rabon. Wato abin da kwamfutar ke hanawa shi ne lamba ɗaya sau biyu a ƙaramar hukuma ɗaya. Lamba ɗaya a Jaba da Kagarko kuwa ba ruwanta. Zaɓina ne ya sa aka tsayar da dattijon nan yana rantsuwa kan kuɗin da ya biya, kuma har yau ban manta da fuskarsa ba.

Don haka abu na farko da nake roƙon ku: ku je inda ake tambayar. Ku ɗauki biro da takarda ku zauna bayan akawu, ko mai ba da kati, ko mai karɓar kuɗin makaranta. Ku rubuta abin da mutane ke zuwa da shi a hannu ko a baki, da yawan lokutan da kowace irin tambaya ke zuwa. Rahoton da shugaba ke so a ƙarshen wata sau ɗaya ake buga shi, yana iya jira minti biyar. Tambayar taga kuwa sau ɗaruruwa take zuwa a yini, kuma mutum ne tsaye yana jira. Mu masu kwamfuta mun fi jin muryar shugaba saboda shi ke sa hannu a takardar biyanmu, shi ya sa muke gina masa rumbun mu bar akawu da wahala.

Kada ku ɗauka ina cewa rabo bisa wuri kuskure ne a ko'ina. Ku dubi rajistar masu zaɓe da INEC ke liƙawa a bango. Kowace rumfar zaɓe tana da lamba mai gaɓa huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, kuma lambar Jihar Kaduna 18 ce. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, rumfuna 176,846. Ranar zaɓe tambaya ɗaya ce ake yi a kowace rumfa: sunan wannan yana cikin takardarmu? A nan wuri shi ne ainihin tambayar, don haka yanka rajista bisa wuri daidai ne. Amma in ana son a gano wanda ya yi rajista a Kafanchan ya sake yi a Jos, takardar rumfa ba ta da amfani, sai an gwada fuska da yatsun kowa da na kowa a faɗin ƙasa. Bayanai ɗaya, tambaya biyu, kowace da tsarin da take so.

Wannan ya kawo mu ga fihirisa iri biyu. Akwai ta ɗaki, wadda kowane kaso ke da tasa, tana bin rabon tebur sau da ƙafa. Akwai ta gida duka, wadda ta san kowane layi ko a wane ɗaki yake. Ta ɗaki tana da sauƙin kula: in ka cire ɗaki, fihirisarsa ta tafi tare da shi, sauran ba su ji ba. Amma in ka raba tebur wata-wata na shekara biyar, ɗakuna 60 ke nan, nema ɗaya da bai faɗi wata ba zai hau bishiya 60. Ta gida duka tana amsa irin wannan nema da sauri, tana kuma iya hana maimaici ko'ina. Kuɗinta shi ne, a Oracle, in ka jefar da ɗaki ba tare da ka umarci a sabunta ta ba, sai ta daina aiki har sai an sake gina ta. PostgreSQL ba ta da irinta ma sam. Ku san kayan aikinku kafin ku yi wa mutane alkawari.

Abu na biyu da nake dubawa a ginshiƙi shi ne ko yana canzawa. In ƙimar da aka yi rabo a kanta ta sauya, dole a ciro layin daga ɗakinsa a kai shi wani, a goge shi a wannan fihirisa a rubuta a waccan. Mutanen yankinmu kuwa suna motsi. Yarinya ta yi aure daga Manchok zuwa Kwoi, ɗalibi ya gama karatu a Gidan Waya ya tafi Abuja, rikici ya tashi ƙauye guda a dare ɗaya. Iyakoki ma suna motsi: wanda ya rubuta "Jihar Kaduna" a gaban Funtuwa kafin 1987 gaskiya ya rubuta, a shekarar ce aka cire Katsina. Wani zai ce to a raba bisa farkon lambar waya, tunda 0803 na MTN ne. Tun 2013 mutum yana iya komawa wani kamfani da lambarsa, kuma ko ba haka ba wasu farkon lambobin sun ninka wasu yawa. Suna kuwa kada ma ku fara. Ɗakin harafin M zai fashe da Musa da Maryam da Markus, sannan mutum ɗaya akawu uku za su rubuta shi Muhammad da Mohammed da Mamman. Ranar haihuwa ma tarko ce, don da yawa daga iyayenmu da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, 1 ga Janairu aka sa musu. Abin da ba ya sauyawa kaɗan ne: ranar da abu ya faru, da lambar da aka ba mutum sau ɗaya har abada, irin NIN mai lambobi 11.

Akwai ginshiƙai biyu da nake so ku yi mini alkawari a kansu: addini da ƙabila. Ta fuskar aiki ma ba su da amfani a rabo, ƙimominsu kaɗan ne kuma ba daidai suke ba. Amma dalilina ya wuce wannan. Ɗaki a kwamfuta fayil ne da ake iya kwafewa a ɗan ƙaramin filas cikin minti kaɗan. Yankin da ya ga rikicin Maris na 1987 da na Afrilu na 2011 bai kamata a samu ɗansa ya tara sunaye da adireshin mutanen addini ɗaya a wuri guda, a tsare, a shirye don ɗauka ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa waɗannan biyun cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman. In aikin bai buƙace su ba, kada ma ku tambaya.

Idan abin da kuke so shi ne nauyi ya rabu daidai a kan faifai, akwai rabon lissafi, wanda PostgreSQL ta ƙara a fitowarta ta 11 a 2018. Ana dagula ƙimar ta zama wata lamba, a raba ta da yawan ɗakuna, ragowar ita ke faɗin ɗaki. Kamar rabon naman watanda ne, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Yana maganin cunkoso, yana kuma amsa "nemo mini mai lamba kaza" da ƙofa ɗaya. Sai dai ya watsa maƙwabta: tambayar "daga Litinin zuwa Juma'a" dole ta zaga ko'ina. Ku kuma yi tunanin gobe wajen zaɓen yawan ɗakuna. In daga 8 kuka koma 10 da wannan lissafi, kashi 80 cikin 100 na layuka sai sun tashi daga inda suke. In daga 8 zuwa 16 ne, rabi ne kawai za su motsa, kuma kowane ɗaki gida biyu zai rabu ba tare da ya taɓa maƙwabcinsa ba.

Wani wurin da nake ganin matasa na zamewa shi ne sa ginshiƙi biyu a rabon iyaka, wato rabon da kowane ɗaki ke ɗaukar daga ƙima kaza zuwa kaza. Mutum ya rubuta shekara da ƙaramar hukuma, yana zaton ya samu raga mai gida-gida. Ba haka kwamfuta ke karantawa ba. Yadda ake jera kalmomi a ƙamus take bi: harafin farko shi ne sarki, ba a duba na biyu sai na farko ya yi kunnen doki. Ginshiƙi na biyu yana magana ne kawai idan na farko ya yi daidai da iyakar ɗaki. Saboda haka tambayar da ta zo da ƙaramar hukuma ba shekara, ba abin da za ta tsallake. In raga kuke so da gaske, ku raba bisa na farko, sannan ku sake raba kowane ɗaki bisa na biyu. SQL Server kuwa ginshiƙi ɗaya tak take karɓa. Kuma kada ku yarda da zatonku. Akwai umarnin EXPLAIN da ke nuna ɗakunan da tambaya za ta shiga. Ku gwada shi a kan tambayoyin da kuka rubuto daga taga, da bayanai masu yawa irin na gaske, ba layi hamsin da kuka ƙirƙira a ɗakinku ba.

Zan faɗa muku abin da ba a cika so a ji ba. Yawancin ayyukan da za ku samu a yankin nan, rajistar makaranta, kantin magani, ƙungiyar adashi, ba sa buƙatar rabo ko kaɗan. Fihirisa mai kyau guda ɗaya tana ɗaukar layi miliyan goma a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi ba tare da ta yi nishi ba. Rabo yana biyan kuɗinsa ne idan tebur ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura, ko ana son a riƙa kawar da tsofaffin bayanai a dunƙule, ko kwafin ajiya ya fara cin dare guda. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, kuma kuɗin data ke cizo, babban alheri ne a ce ɗakunan shekarun baya an rufe su, an kwafe su sau ɗaya an adana, kullum dare ɗakin bana kaɗai ake kwafewa. Na bana ya zauna a faifai mai sauri, tsofaffi a mai arha.

Ga abin da na yi a ƙarshe a aikin kamfanin sayen amfanin gonar nan, bayan mun kwashe kwanaki muna haɗa sunayen da suka rabu biyu. Teburin manoma na mayar da shi ɗaki ɗaya, don bai taɓa yin girman da zai buƙaci rabo ba, kuma dokar hana maimaita lamba ta koma aiki a kan kowa. Kowane manomi ya samu lambarsa ta dindindin. Teburin ciniki shi na raba, bisa rana. Da farko na so in sa iyaka a 1 ga Janairu, sai wani tsohon akawu ya ce, "Yallaɓai, ai za ka yanka kaka biyu." Gaskiyarsa. Haƙar citta tana farawa ne wajen ƙarshen shekara, tsagawa da shanya da ciniki su zarce cikin sabuwa. Bashin da aka ci da shuka kuma a wannan kakar ake biyansa. Sai na mayar da iyakar 1 ga Afrilu, gab da shuka, yadda bashin mutum da biyansa za su kwana ɗaki ɗaya. A allon akawu na sa "kakar bana" ta zama zaɓin farko, don kowace tambaya ta tafi da ginshiƙin rabo ba tare da ya buga komai ba.

Tun daga lokacin, duk watan Maris kafin ruwan farko nakan buɗe ɗakin sabuwar kaka, don in ranar ta zo babu inda layi zai sauka, kwamfuta ƙin karɓa take yi, manomi yana tsaye da buhunsa a sikeli. Don gudun haka ma, nakan kuma bar ɗaki ɗaya na tarkace, inda duk layin da bai dace da ko'ina ba yake faɗawa, in leƙa shi duk mako. Wata rana na tarar da cinikin yini guda a ciki, dukkansa ɗauke da 1 ga Janairu 1970. Batirin na'urar wani akawu ne ya mutu a Kwoi, agogonta ya koma farko, shi kuma ya ci gaba da awo. Na kira shi, muka bi kwafin rasit ɗaya bayan ɗaya muka gyara ranakun, layukan suka koma ɗakin kakarsu kafin ranar biya.